Taurari Ɗari Huɗu da Farar Takarda

Akwai wata yarinya 'yar aji shida, wadda a gida ake ce mata Auta. Babanta mai gyaran rediyo ne da fanka. Mamanta tela ce, keken ɗinkinta yana bakin taga.

Auta tana da kai. Sai dai ba ta son abin da zai ci mata lokaci, lissafi kuwa lokaci yake ci.

Malamin lissafinsu tsoho ne. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da alli. Ko a kan allo zai ja layi, sai ya sa rula. In yaro ya ba shi amsa, ba ya saurin cewa daidai ne. Sai ya ce, "To, ta ina ka bi ka iso nan?" Yara suna ganin wannan wahala ce kawai.

A farkon zango na biyu aka kawo wa makarantar kwamfutocin hannu guda arba'in. Shugabar makaranta ta shigo ajin da kanta.

Ta ce, "Daga yau darasin lissafi yana cikin nan, ta intanet. Kowa zai kalli bidiyo, ya amsa tambayoyi biyar. Wanda ya ci duka biyar, kwamfuta za ta ba shi tauraro ɗaya."

Yara suka yi ta murna. Shugaba ta ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Akwai kuma wani abu. Kwalejin kimiyya ta 'yan mata ta ba mu gurbi ɗaya a jarrabawar shiga. Ɗaya tak. Wadda ta fi kowa taurari a ƙarshen zango, ita za mu tura."

Auta ta san wurin. Ta taɓa hango kwalejin ta tagar mota. Ta ga 'yan mata cikin fararen riguna suna shiga ɗakin gwaje-gwaje. Tun ranar take son ta zama ɗaya daga cikinsu.

Daga wannan mako aikin Malam ya canza. Da safe ya raba kwamfutoci, da rana ya karɓa. Ya goge fuskar kowace da tsumma, ya jona su a caji, ya rufe kabad. Allo ya zauna wayam. Ajin ya yi tsit, kowa da abin sauraro a kunne, kai a sunkuye. Malam yakan zagaya tsakanin bencina, hannu a baya, ba mai kiransa.

Mai kiransa ɗaya ce, abokiyar zaman Auta, 'yar wani kafinta. 'Yan aji sun sa mata suna Me-ya-sa, saboda yawan tambayarta. Takan tsayar da bidiyo, ta rubuta a littafinta, ta mayar da shi baya, ta sake kallo. In abin ya gagare ta, sai ta ɗaga hannu. Yini guda takan yi a kan tauraro ɗaya.

Wata rana Auta ta ce mata, "Ke da wannan tafiyar taki, sai kin yi jikoki kafin ki kai darasi na goma."

Me-ya-sa ta ce, "Ba komai. Sai su taya ni."

Ita ma Auta da farko tana kallon bidiyon. Amma da aka shiga lissafin kashi-kashi, su rabi da ɗaya bisa uku, sai kanta ya ɗaure. Malamar cikin bidiyo tana magana da sauri, tana murmushi. Ba ta ganin Auta, balle ta san an bar ta a baya.

Ran wata Talata Auta ta zaɓi amsa, kwamfuta ta nuna ja. A ƙasa aka rubuta, "Sake gwadawa." Ta danna ta biyu, ja. Ta danna ta uku, sai kore.

Ta zauna tana kallon fuskar kwamfutar. Amsoshi huɗu ne a ƙarƙashin kowace tambaya. Ko ba ka san komai ba, a dannawa ta huɗu dole ka dace. Kwamfuta kuma ba ta ƙidaya jan, koren kawai take gani.

Washegari ta gano abu na biyu. In ka sa yatsa ka ja ɗan layin da ke ƙasan bidiyo zuwa ƙarshe, kwamfuta sai ta ɗauka ka gama kallo.

A ranar ta sami taurari tara.

Zuciyarta ta ɗan dame ta a makon farko. Ta ce a ranta, "Zan koma in kalle su daga baya." Ba ta koma ba. Darasi na ashirin yana kan na goma sha tara, na goma sha tara yana kan na goma sha takwas. Duk wanda ta tsallake, na gaba sai ya ƙara duhu.

Kowace Juma'a ana manna takarda a ƙofar aji. Sunan Auta ne a sama. Taurari tamanin. Taurari ɗari da saba'in. Me-ya-sa tana can tsakiya.

Baba ya ji labari, ya kasa rufe baki. Duk wanda ya kawo fanka shago sai ya ji.

"Autata ce ta ɗaya a lissafi," in ji shi. "Kwamfuta ce ta faɗa, ba ni ba. Ita kuwa ba ta san ɗan kowa ba."

Wata ranar Asabar Mama tana auna yadi a kan tebur, tef a wuya. Saboda son kimiyyar Auta, ita da Baba sukan kira ta Likita.

Ta ce, "Likita, zo ki taimake ni. Yadi huɗu da rabi ne, riga uku zan fitar daidai wa daida. Nawa kowace za ta ci?"

Auta ta kau da kai.

"Mama, irin wannan ba mu zo kansa ba tukuna."

"Duk taurarin nan?"

"Namu ya fi wannan wuya. Na kwamfuta ne."

Mama ta yi dariya. Ta ninka yadin uku, ta auna. "Ɗaya da rabi," ta ce. "To, Allah ya kai ku kan namu na talakawa."

A makaranta ma Me-ya-sa ta matso da littafinta.

"Ƙawata, ke da kika wuce nan tuni, nuna mini. Me ya sa ake juya na biyun in za a raba?"

Auta ta dafe goshi. "Kaina ke ciwo. Bari sai gobe."

Sau uku ana haka. Daga nan Me-ya-sa ba ta sake tambayarta ba.

Malam ne kaɗai bai yi murna da taurarin ba. Wata rana bayan an tashi, ya tsayar da ita a bakin kabad.

"'Yata, ina littafin aikinki?"

"Yana gida, Malam."

"Na ga kin gama darasi sittin a mako biyu. Ni da na tsufa a kan abin nan, ba zan iya ba." Ya cire tabarau ya goge. "Ba na zarginki. Amma ina nan kullum har ƙarfe uku. In akwai inda ya yi miki duhu, ki zo. Ba wanda zai ji."

Auta ta kalli ƙasa. Saura kaɗan ta faɗi gaskiya. Sai ta tuna takardar ƙofar aji, ta tuna fuskar Baba.

"Na gane komai, Malam."

Malam ya daɗe yana kallonta. "To," ya ce. "Ki gaida gida."

Ya je ya sami Shugaba, ya roƙi a gwada yaran a takarda kafin a zaɓa. Shugaba ta ce lokaci ya ƙure, kuma ga sakamako a rubuce, me za a ƙara nema? Malam ya koma ya jona kwamfutoci a caji.

Ƙarshen zango Auta tana da taurari ɗari huɗu da shida. Me-ya-sa tana da casa'in da ɗaya. Aka kira sunan Auta a gaban dukan makaranta, aka tafa mata. Me-ya-sa ma ta tafa.

Mama ba ta jira jarrabawa ba. Ta ɗinka zannuwan gado guda biyu na makarantar kwana. Ta sa jan zare ta rubuta sunan Auta a gefen kowanne.

Ranar jarrabawa Baba ya rufe shago, ya raka ta. Ya tsaya a bakin ƙofar kwaleji tare da sauran iyaye.

Ɗakin babba ne, tebura a jere, kowace yarinya ita kaɗai. Babu kwamfuta ko ɗaya. Aka ba kowa fensir biyu da takarda. Wata malama ta duba agogon bango ta ce, "Awa biyu. Ku fara."

Auta ta buɗe takardar. Tambaya ta farko ta ce: "Tanki yana cin lita ɗari biyu da arba'in. An zuba ruwa ya kai uku bisa takwas. Lita nawa suka rage ya cika? Nuna yadda kika yi aikin."

Ta duba ƙasan tambayar. Babu amsoshi huɗu. Fili ne kawai, fari fat.

Ta juya shafi. Haka. Ta sake juyawa. Haka har ƙarshe.

Ba ta san lokacin da yatsanta ya danna takardar ba. Ya danna sau biyu. Takarda ba ta yi ja ba, ba ta yi kore ba.

Ko'ina sai ƙarar fensir. Ta hagunta har ta nemi ƙarin takarda. Auta ta rubuta sunanta da kyau. Ta kwafe tambaya ta farko a cikin filin amsa, don kada ya zauna fari. Ta goge, ta sake kwafewa. Ta yi tambayoyi biyu na tarawa da ta tuna tun aji huɗu. Sauran lokacin ta zauna tana kallon agogo. Ba ta taɓa sanin awa biyu tana da tsawo haka ba.

Da ta fito, Baba ya taho da sauri.

"Yaya, Likita? Sun ji a jikinsu?"

"Da sauƙi, Baba."

A mota ta jingina kai da taga, ta yi kamar barci take.

Mako uku ta yi ba ta cin abinci sosai. Mama ta taɓa goshinta, ba zazzaɓi. Ranar da wasiƙa ta zo, Shugaba ta aika a kira Baba.

Ofishin ƙarami ne. Shugaba tana bayan tebur, Malam yana tsaye a gefen taga. Baba ya zauna da hularsa a gwiwa. Auta ta tsaya kusa da ƙofa.

Shugaba ta ce, "Goma sha ɗaya ta samu. Cikin ɗari."

Baba ya matso da kunne. "Na'am? Ta goma sha ɗaya ta zo?"

"A'a. Maki goma sha ɗaya."

Baba ya sunkuyar da kai. Ya juya hular, ya sake juya ta.

Shugaba ta ce, "Kada ka damu. Na san abin da ya faru. Tsoro ne ya kama ta, yakan faru da masu ƙoƙari. Kwalejin za ta yi zama na biyu nan da kwana goma sha tara, don cike guraben da suka rage. Sun sake ba mu mutum ɗaya. Yarinya mai taurari ɗari huɗu ba za mu bar ta a gida ba. Ga takardar, sunanta kawai zan rubuta."

Ta ɗauki biro.

Auta ta kalli biron. In ta yi shiru, za a sake kai ta wancan ɗaki, ta sake zama gaban farar takarda. Me-ya-sa kuma za ta zauna a gida, ita da littafinta da ya cika da aiki. Wannan ne zama na ƙarshe a bana.

"Malama," ta ce. Muryar ba ta fita sosai ba. "Kada ki rubuta."

"Me kika ce?"

"Ba tsoro ba ne. Ban iya ba ne. Tun darasi na goma sha biyu ban iya komai ba."

Shugaba ta ajiye biro. "To taurarin fa?"

"A ba ni kwamfuta in nuna."

Malam ya fita ya kawo ɗaya. Auta ta ce a zaɓi darasin da ya fi kowanne wuya. Shugaba ta buɗe wani na 'yan sakandare, wanda ba a taɓa koya musu ba. Auta ta ja layin bidiyo zuwa ƙarshe. Ta danna, ja. Ta danna, ja. Ta danna, kore. Kafin minti ɗaya tauraro ya fito, yana walƙiya, da ɗan kiɗansa.

Kiɗan ya ƙare.

Baba ya ce a hankali, "Duka ɗari huɗun haka?"

"Banda goma sha ɗaya na farko, Baba."

Ya miƙe ya sa hularsa. "Na gaya wa kowa," ya ce. "Har wanda bai tambaye ni ba." Bai daka mata tsawa ba. Da ya daka, da ya fi mata sauƙi.

Hawaye suka zubo mata. "Malama, ki rubuta sunan Me-ya-sa. Ita ce ta iya. Gurbinta ne na ɗauka."

Shugaba ta daɗe tana kallon kwamfutar. Sannan ta juya wajen Malam.

"Ka ce a gwada su a takarda, na ƙi. Yarinya ta yi laifi, amma ni ma na yi. Na bar na'ura tana ƙidaya, na ɗauka koyarwa take."

Malam ya ce, "Na'urar ba ta da laifi, ranki ya daɗe. Bayaninta yana da kyau, ni ma na ƙaru da shi. Sai dai ba ta iya kallon fuskar yaro."

Washegari aka gwada 'yan aji shida duka a takarda. Ashe ba Auta kaɗai ba ce ta san dabarar. Yara goma sha huɗu ne suka kasa, duk daga saman takardar ƙofar aji. Me-ya-sa ce ta zo ta ɗaya.

Lokacin hutun ƙarfe tara Auta ta same ta a bayan aji, ta gaya mata komai.

Me-ya-sa ta saurare ta har ƙarshe. Can ta ce, "Sau uku na roƙe ki ki koya mini. Na ɗauka rowa kike yi. Har kuka na yi a gida."

"Ba rowa ba ce. Ba ni da abin da zan ba ki ne. Ki yafe mini."

"Yau dai ba zan iya ba," in ji Me-ya-sa. "Ki bari sai na huce."

Ta tafi. Kwana goma sha takwas ta yi tana zama da Malam har ƙarfe uku. Ta je ta rubuta jarrabawar, ta ci. Ranar da za ta tafi kwaleji, ta biyo ta gidan su Auta. Ta miƙa mata littafin aikinta.

"Riƙe. Rubutun kamar na kaza ne, amma komai yana ciki. Na huce."

Auta kuwa sai da ta maimaita aji shida. Wannan ya yi mata ciwo. Ta zauna da waɗanda a da take kira ƙanne. Mama ta ninke zannuwan gadon ta sa a ƙasan akwati. Baba ya daina zancen makaranta a shago.

Amma ajin ya canza. Ana kallon bidiyo minti goma, sai a kife kwamfutoci. Malam ya ɗauki alli. Kowa ya yi aiki a littafi, ya zo allo ya yi bayani da bakinsa. An gyara kwamfutocin ma, yanzu suna nuna sau nawa yaro ya gwada.

Auta ta koma darasi na goma sha biyu. Kwana huɗu ta yi a kansa. A rana ta biyu ta ɗaga hannu, kunya kamar ta kashe ta.

"Malam, ban gane ba."

"Madalla," in ji Malam. "Yanzu muka fara. Kawo kujerarki."

Ya yanka takarda gida takwas, ya ba ta uku. Ta jera su a tebur, ta kalla, ta sake kalla. Sai abin ya buɗe mata, kamar an ɗaga labule.

Da shekara ta zagayo, aka zaɓi wadda za a tura ta hanyar jarrabawar takarda. Auta ce ta ci, da ratar maki biyu kacal. Ta koma wancan babban ɗaki. Wannan karon awa biyu ba ta ishe ta ba.

Wasiƙa ta zo ran wata Litinin. Maki sittin da takwas, kuma an ɗauke ta. Baba ya karanta sau biyu a tsaye a ƙofar shago.

"Sittin da takwas," ya ce. "Duka naki ne?"

"Duka nawa ne, Baba. Talatin da biyun da na rasa ma na san inda na rasa su."

Baba ya yi dariya har ya share ido. Ya rufe shago tun rana ba ta yi ba, suka tafi gaya wa Mama.

A cikin makon wata 'yar takarda ta iso daga kwaleji, da hannun Me-ya-sa. Ta ce ta roƙi uwar ɗakin kwanansu, an ajiye wa Auta gadon da ke kusa da nata.

Yara, kwamfuta abar taimako ce, amma ba za ta iya koyo a madadinku ba. Makin da ba ku gane aikinsa ba, ba naku ba ne, kuma wata rana zai bar ku ku kaɗai. In ba ku gane darasi ba, ku ɗaga hannu ku ce ba ku gane ba. Faɗin haka ba abin kunya ba ne. Daga nan ilimi yake farawa.